Zauren Wunti da Sana'ar Cikin Gida

Wanda ya tsaya a bakin Kasuwar Wunti da hantsi, ya ga yadda motoci da Keke Napep da masu tura baro suke ta kai-kawo har ba ka jin maganar na kusa da kai, da wuya ya tuna cewa asalin wannan suna na ƙofa ne, ɗaya daga ƙofofin ganuwar da ta kewaye birnin Bauchi wanda Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma mai riƙe da tutarsa, ya kafa a shekarar 1809. 'Yan'uwanta kuwa su ne irin su Ƙofar Ran da Ƙofar Dumi da Ƙofar Jahun da Ƙofar Nassarawo da Ƙofar Wase. Amma ni ba kasuwar ce ta ɗauke mini hankali ba, lungunan da ke bayanta ne, domin a zamanin kakanninmu kasuwa wurin baje haja ce kawai, hajar kanta kuwa a gida ake yin ta, a kuma gida ake koyon yin ta.

Gidan Bahaushe na cikin birni, in aka dube shi da idon basira, an tsara shi ne bisa hukuncin shari'a kafin a tsara shi bisa igiyar magini. Daga titi sai zaure, daga zaure sai farfajiya, sa'an nan shigifa, sa'an nan cikin gida inda iyali suke. Kowace ƙofa kuma an kauce da ita daga saitin 'yar'uwarta, don kada idon mai wucewa ya zarce. Tun da yake Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, ya zama lalle a sami wani wuri wanda yake na gida ne amma baƙo yana da haƙƙi a cikinsa, inda mai gida zai yi mu'amala da duniya ba tare da ya keta suturar iyalinsa ba. Wannan wuri shi ne zaure, kuma saboda wannan matsayi nasa ne ya zama makaranta ga malami, maɗinka ga tela, wurin aiki ga baduku da mai ɗinkin hula da marubucin littafi. Shugabannin jihadi ba su raina irin wannan neman ba: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi talifi musamman a kan hukunce-hukuncen kasabi, a cikin Usulus Siyasa kuma, wanda ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina, ya hori sarki da ya kula da masu sana'a a garuruwansa.

Zauren da na fi sani shi ne na kakana, maɗinkin riga, a wani lungu da ba shi da nisa da ƙofar. Ba shi da taga, haskensa duka daga bakin ƙofa yake zuwa, saboda haka da safe sai ya shimfiɗa buzunsa a gefe guda, in rana ta karkata ya ja shi zuwa ɗaya gefen, har daɓen ya yi santsi a wurare biyun nan. Zai ɗora aljihun riga bisa gwiwa, an riga an zana masa aska takwas da tawada, ya riƙa bi da allura da zaren tsamiya, wata da watanni a kan riga ɗaya, almajiransa biyu suna jingine da bango suna yin ƙananan cikon da ya yarda su taɓa. A jikin bango akwai alkuki inda fitilar aci-balbal take zama, da kurtun tawada, da wata 'yar gafaka da yake ajiye lissafin bashi da ajami. Agogonsa kiran salla ne: a fara bayan walaha, a ɗaga da azahar, a naɗe gab da magariba. In mai riga ya zo ya yi sallama, aka gaisa, ya ce, «Malam, ya aiki?» sai ya amsa, «Aiki da godiya,» a tambayi iyali da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sai can a gangaro kan kuɗi, in tayi bai kai ba ya ce albarka, in ya kai ya ce ya sallama. Tun ina yaro abin nan yake burge ni, cewa kalmar da ake shiga zaure da ita, da ita ake rufe ciniki a cikinsa.

Bayan shigifa kuwa akwai wata masana'anta da ta fi ta zaure yawan hannu, ko da yake ba ta da ƙofa a bakin titi. Matan kulle suna gurzar auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari suna shafa alli a yatsa. Suna soya gyaɗa su matse mai su murza ƙuli-ƙuli, suna daddawa da fura da alewa da ƙosai, yara kuma su ne ƙafarsu da bakinsu, su fita da faranti a ka su komo da kuɗi a ƙulle a bakin zane. Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina, ta rubuta a 1969 cewa wannan ɓoyayyen ciniki ne da masu ƙididdiga ba sa gani. Alhali a wurinmu bai taɓa ɓuya ba, don kowa ya san gidan da man gyaɗarsa ya fi kyau. Abin da ya ƙarfafa shi kuwa hukunci ne na fiƙihu, cewa dukiyar mace tata ce, miji ba shi da iko da ita; da ita take zubin adashi, da ita take tara wa 'yarta kayan ɗaki, har wani lokaci ta ranta wa mai gidan. Sai dai ba zan ɓoye ba, nauyin wannan tsari a kan 'yan mata ƙanana ya faɗa, waɗanda talla ta hana da yawa daga cikinsu zaman aji ko bayan an buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, kuma wannan hasara ce da ribar ƙuli-ƙuli ba ta biya ba.

Da Turawa suka ci Bauchi a 1902, sun zo da wani abu da bai yi ƙara kamar bindiga ba amma ya fi ta daɗewa, watau ofis da albashi. Sannu a hankali aka sami malaman En'e da akawuna da malaman makaranta, tsarar su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sa'adu Zungur da suka yi karatu a Kwalejin Katsina, aka fara cewa wane ya tafi aiki, maganar da kakana ba zai gane ta ba, tun da shi aiki ne yake zuwa ya same shi. Jirgin ƙasa ya iso a 1961, yadin kanti ya cika kasuwa, mazari ya koma ƙarƙashin gado. Keken ɗinki, Singer da farko sa'an nan Butterfly, ya shiga zaure ya zauna inda buzu yake. Da aka ƙirƙiri Jihar Bauchi a 1976 gari ya tsallake ganuwa ta kowace fuska, Wunti da take bakin gari ta koma tsakiya, burin kowane uba kuma ya zama ɗansa ya sami tebur a sakatariya.

Wannan buri bai yi tsawon rai ba. Tun daga tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin da darajar naira ta faɗi albashi ya daina kai wa ƙarshen wata, mutane suka komo neman abin rufin asiri a gida. Amma maimakon su zauna a zaure, da yawa sai suka fasa bangonsa ta wajen titi, suka sa ƙofar ƙarfe, suka toshe ta ciki da bulo, suka ba da shi haya. Sababbin gidaje kuwa ba a ma yi musu zaure ba, sai get da falo. A ganina nan ne muka yi kuskuren da ba mu lura ba, domin mun sayar da wuri guda da yake raba aiki da iyali ba tare da ya nisanta su ba, a daidai lokacin da zamani yake shirin mayar da aiki gida. Wayar salula ta zo a 2001, intanet ta biyo baya, kullen annobar korona na 2020 ya koya wa mutane ciniki daga ɗaki. Yau matar aure tana baje atamfa da turaren wuta a WhatsApp, ɗan aike ya maye gurbin 'yar talla, kuɗi ya shigo ta waya.

Wani ɗan ƙanena da ya gama Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa bai sami aikin gwamnati ba, yana zana katin biki da tambarin shaguna a kwamfuta. Shekara biyu ya yi yana aiki a kan katifa a ciki da falon da yake haya, waya da caja sun cika ƙasa, jariri na kuka yana magana da mai aiki, in baƙo namiji ya zo sai matarsa ta tattara ta shige maƙwabta, ko shi ya fita su tsaya a rana a bakin kwata. Rannan ya same ni ya ce, «Baba, zauren Kaka fa, wa yake ciki?» Na ce babu kowa sai tarkacen buhuna da wani tsohon keke. Muka share shi, aka yaɓe inda ruwa ya ci, ya sa faifan sola ɗaya a kan soro, ya kawo tebur da benci na baƙi. Ranar da na koma duba shi na tarar ya ja teburin zuwa gefen da rana ba ta dukan fuskar kwamfutar, daidai inda daɓen ya yi santsi, 'yar na'urar intanet ɗinsa kuma tana cikin alkuki tana ƙyafta koren haske, ƙarƙashin baƙin hayaƙin fitilar da har yanzu bai goge daga bangon ba.