Daga Mazari Zuwa Allura: Yadda Ɗinkin Hula Ya Shiga Ɗakunan Mata

Duk sa'ad da Sallah ta ƙarato, kuma hulunan da inji ya ɗinka suka cika rumfunan Kantin Kwari da kasuwar Kurmi a kan farashin da bai kai na zaren hular hannu ba, sai ka ji kuka ya tashi daga ko'ina cewa baƙin kaya za su kashe sana'ar da matanmu suka gada tun kaka da kakanni. Kukan yana bisa gaskiya, kuma ina cikin masu yin sa. Amma tarihin da ake jingina shi da shi yana buƙatar gyara, domin allurar surfani baƙuwa ce a hannun matar Bahaushe, kuma abin da ta gada daga kakanninta mazari ne.

Auduga daɗaɗɗiya ce a ƙasar nan. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ambaci masaƙan Gobir tun a ƙarni na 16, kuma ruwayar Kanawa tana mai da asalin karofin Ƙofar Mata zuwa shekarar 1498. Bayani mai ƙwari sai a 1851, lokacin da Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Kano, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake kaiwa Tumbutu kaɗai sun kai kayan raƙumi 300 a shekara, masu darajar wuri 60,000,000, sa'an nan ya yi mamakin yadda wannan sana'a mai girma take gudana ba tare da an raba ma'aikaci da iyalinsa ba, saɓanin abin da ya baro a masana'antun Turai. Abin da bai shiga cikin gida ya gani ba shi ne cewa kowace ƙwarya da turkuɗi da ya ƙirga, tun kafin su isa hannun masaƙi da marini da mabugi, sai da zarensu ya bi ta tsakanin yatsun wata mace.

Wanda ya tashi a gidan da akwai tsohuwa mai kaɗi ya san tsarin aikin. Za ta ɗora auduga bisa dutse ta murza da ɗan magurji har angurya ta fita, ta ɗauki bakan shiɓa ta yi ta kaɗa tsirkiya har audugar ta tashi ta yi laushi, ta naɗe ta sutu-sutu ta zuba a taskira. Bayan an ci tuwon dare kuma an kunna fitila, sai ta dangwali alli don kada yatsa ya yi santsi, ta murza mazari yana juyawa bisa ɗan ƙoƙo, tana jan zare da hagu, tana yi wa jikoki tatsuniya. Mai kauri shi ne abawa, siriri kuwa na tsayuwar saƙa ne, kuma shi ya fi kuɗi. Ranar kasuwa a ba yarinya ko dillaliya ta kai, abin da aka samo ya shiga adashi, ko biki, ko tasoshin jeren ɗiya.

A nan ne, a ganina, asirin al'amarin yake, kuma mas'ala ce ta fiƙihu kafin ta zama ta kasuwa. A mazhabar Malikiyya nafaƙar mace tana wuyan mijinta, dukiyarta kuwa tata ce. Kuma Shaihu Halilu, a cikin Muhtasar, da ya zo lissafa hidimar cikin gida da ke kan matar da ba ta da mai yi mata aiki, kamar kwaɓa gari da shara da shimfiɗa, sai ya fitar da saƙa da kaɗi daga ciki, masu sharhi kuma suka bayyana illar hukuncin da cewa waɗannan neman kuɗi ne, kuma ba a wajabta wa mace ta nema wa mijinta kuɗi ba. Saboda haka matar da ke cikin kulle ta kasance tana da taskar kanta wadda maigida ba shi da iko da ita, har ma idan yana son zarenta sai ya saya. Wadda ta saba da irin wannan 'yanci ba ta zama hannu rabbana don sana'a guda ta mutu.

Ita kuwa allura a wancan zamani ta maza ce, galibinsu ma malamai da almajirai, waɗanda suke zama a zaure ko gindin bango bayan darasi, riga a bisa gwiwa, suna cike zanen da wani gwani ya fitar musu da tawada. Hannun da ya saba da zayyanar allo shi ya fitar da aska biyu da aska takwas da tambari, aka yi musu ado da tsamiya ko da alharinin da fatake ke kawowa daga Tarabulus. Bayan jihadin 1804, da kyautar riga ta zama hanyar da sarakuna ke girmama bayi da baƙi, sana'ar ta bunƙasa daga Sakkwato har Bida da Ilori, ta kuma zama halattaccen abinci ga mai neman ilmi wanda ba ya son roƙo.

Mutane da yawa suna zaton zuwan Turawa ne ya karya mazari nan take, alhali kuwa ya daɗe yana gardama. An kafa ƙungiyar noman auduga ta Ingila a 1902 da burin ciyar da masaƙun Lankasha, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka gina injinan gurza a Zariya da Funtuwa. Amma shekara da shekaru masaƙan gida suna sayen auduga a kan kuɗin da ya fi na Bature, manoman Kano kuma suka karkata ga gyaɗa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, tana ambaton kaɗi a matsayin aikin da kowace mace ta sani. Abin da ya gama da mazari na gida ne: masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya, akoko da atamfa suka yi araha, zaren kanti ya shiga kowane ƙauye, har masaƙin gargajiya da kansa ya gwammace shi saboda ba ya tsinkewa. Cikin tsara guda mazari ya koma hannun tsofaffi.

Sai aka yi katari, a daidai wannan lokaci, kasuwar hula ta buɗe. 'Yan siyasar jamhuriya ta farko sun yayata hula mai surfani irin ta Barno, har aka laƙaba wa wata sunan minista Zanna Bukar Dipcharima, kuma ma'aikaci da ɗan kasuwa kowa ya so a gan shi da ita. Wata ma sunanta mu-haɗu-a-banki, wanda ya ishe ka sanin irin masu sa ta. Da kuɗin man fetur suka zo a shekarun 1970, buƙata ta ninka, maza kuwa suka watse zuwa aikin albashi da kwangila da keken surfani mai gama riga a yini guda. Aikin hannu mai cin makonni ya rasa mai yi, mata kuma suna zaune da yatsun da suka rasa mazari. Elisha Renne, wadda ta yi bincike a birnin Zariya, ta nuna cewa a waɗannan shekaru ne matan birnin suka shiga ɗinkin manyan riguna, aikin da a da ba a san su da shi ba.

Akwai masu cewa kulle ne sababi; amma kulle ya girmi wannan canji nesa ba kusa ba, kuma matan kulle na da kaɗi suke yi. Akwai masu ba makarantun boko da azuzuwan koyon aikin gida lada. Waɗannan sun koyar da saƙar rigar sanyi da hular jariri da kwalliyar matashin kai, kuma an gode musu, amma ba a aji aka koyi aska takwas ba, a wajen miji da wa da maƙwabciya aka koye ta. Masu ɗora abin a kan tsananin rayuwa bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 sun fi kusa da gaskiya, sai dai talauci ya ƙara yawan masu ɗinki ne a kan hanyar da aka riga aka share.

Abin takaici shi ne matsayin da mace ta samu a sabuwar sana'ar bai kai na tsohuwar ba. Mai kaɗi ita ke sayen audugarta, ita ke yanka wa zarenta kuɗi. Mai ɗinkin hula kuwa galibi ɗan kasuwa ne ke aiko mata da ƙyalle wanda mai zane ya riga ya zana, da zare ƙidayayye. Ta yi makonni tana soka allura tsakanin girki da reno har idonta ya fara gajiya, a karɓa a kai wa mai haɗi, a kai wa mai wanki ya sa sitaci ya ɗora a kan katako ya goge, sa'an nan a sayar da ita a Kano ko Yamai ko Kumasi, alhali ladan da ya isa hannunta shi ne mafi ƙanƙanta a cikin silsilar duka. Tun kafin hular inji ta iso ana cin guminta.

Don haka masu kiran hukuma ta tare kayan waje su haɗa da kiran a ba mata jarin ƙyalle da zare na kansu, da hanyar kai kayansu kasuwa ba tare da dogon jerin 'yan tsakiya ba. Kai kuma mai karatu, idan ka je sayen hular Sallah ta hannu, ka tambayi mai rumfa nawa aka biya wadda ta ɗinka ta.