Gam da Gajiyar Ƙarfe: Darasin Jirgin Aloha na 1988

Haɗa ƙarfe da ƙarfe da gam a ƙirar jiragen sama ya samo asali ne a Ingila, inda Norman de Bruyne ya ƙago wani gam mai suna Redux a shekarar 1941. Fa'idarsa ita ce yana raba nauyi a kan dukkan faɗin mahaɗa, alhali kuwa ƙusa tana tara shi ne a bakin hudarta, inda tsaga kan soma. Redux sai da zafi da matsi yake kamawa, ya kuma yi ƙarko a jirage irin su Fokker F27.

Kamfanin Boeing na Amurka ya bi wata hanya a jiragensa samfurin 737 na farko. An ɗora fallen alminiyam a kan ɗan'uwansa, aka manne su da gam mai bushewa ba tare da zafi ba, sannan aka kafa layi uku na ƙusoshi. Kaurin fallen bai kai milimita ɗaya ba, don haka an dogara ga gam ɗin ya ɗauki nauyin. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda gam bai kama sosai ba, laima ta kutsa, ƙarfe ya ci, manne ya saki, nauyi ya koma kan ƙusoshi. Tun da jikin jirgi kan kumbura a sama ya saɓe a ƙasa saboda matsin iska, kowane tashi yana ƙara wa ƙananan tsagogin bakin huda tsawo. Wannan ne injiniyoyi ke kira gajiyar ƙarfe. Kamfanin ya bar wannan hanya a 1972, amma jiragen da aka riga aka ƙera suka ci gaba da aiki.

Ranar 28 ga Afrilu, 1988, wani jirgin kamfanin Aloha wanda ya yi tashi da sauka fiye da 89,000 a tsibiran Hawai ya kai ƙafa 24,000 a sama, sai tsagogin suka haɗu, rufinsa mai tsawon ƙafa 18 ya yage. Ma'aikaciya ɗaya ta rasu, matuƙa suka sauke sauran mutane a tsibirin Mawi.

Hukumar binciken haɗurra ta ɗora alhakin a kan tsarin duba jirage da ya kasa gano sakin mannen, kuma a 1991 Majalisar Amurka ta kafa dokar kula da tsofaffin jirage. Tun daga nan, ba a wadatuwa da ƙarfin gam ranar da ya bushe. Sai an gwada juriyarsa ga laima da maimaituwar nauyi na shekaru.