Harajin Takarda da Ya Tayar da Ƙura a Amurka

A shekarar 1763 aka gama Yaƙin Shekara Bakwai, Ingila ta kori Faransa daga Kanada, amma nasarar ta bar ta cikin bashi iya wuya. Sai firaminista George Grenville ya dubi yankuna goma sha uku da Turawan Ingila suka kafa a gaɓar Amurka, ya ce tunda dai don kare su ake ajiye soja a can, to su ma su sa hannu a aljihu.

Dokar da ta fi tayar da ƙura ita ce ta 1765, wadda ta ce ba jarida, ba takardar kotu, ba lasisi, kai har katin caca, da za a yi amfani da su sai a kan takarda mai hatimin gwamnati, kuma da kuɗin Ingila za a saya, waɗanda ke da wuyar samu a can. A ganina nan ne Grenville ya taka sawun ɓarawo. Ya ɗora harajin ne kan masu buga jarida da lauyoyi, wato mutanen da alƙalami ke hannunsu, su ne kuwa suka fi kowa iya yaɗa ƙorafi. Hujjarsu guda ce: Majalisar Landan ba ta da ikon yanka masu haraji alhali ba su da wakili ko ɗaya a cikinta.

A watan Agusta mutanen Boston suka rataye mutum-mutumin Andrew Oliver, wanda aka naɗa ya sayar da hatimin, suka farfasa gidansa, dole ya ajiye aikin. A Oktoba wakilan yankuna tara suka hallara a New York. 'Yan kasuwa kuma suka ƙaurace wa kayan Ingila, har attajiran Landan suka fara kuka da kansu. A Maris 1766 aka soke dokar, amma a rana guda Majalisa ta sake kafa wata mai cewa tana da ikon yi wa yankunan doka a kan kowane al'amari. An kashe maciji, ba a sare kansa ba.

Daga nan abu ya yi ta gaba. Sabon haraji kan gilashi da fenti da shayi a 1767, soja a titunan Boston a 1768. Ran 5 ga Maris 1770 sojan suka buɗe wuta kan taron jama'a, mutum biyar suka mutu, cikinsu har da Crispus Attucks, ma'aikacin jirgin ruwa mai jinin Afirka. Mai karatu ya lura, a lokacin da ake wannan kukan 'yanci, kusan mutum ɗaya cikin biyar na mazauna yankunan bawa ne.

Ran 16 ga Disamba 1773 aka zubar da akwatin shayi 342 cikin teku a Boston. Ingila ta rufe tashar jirgin garin a 1774, ran 19 ga Afrilu 1775 kuma aka yi harbin farko a Lexington.