Kusugu da Hotunanmu: Daga Takarda zuwa Wayar Salula

Sanin kowa ne cewa da wuya baƙo ya sauka Daura ya tafi bai leƙa rijiyar Kusugu ba. A nan ne, kamar yadda tarihi ya zo mana, Bayajidda ya sare kan macijiyar da ta hana jama'a ɗiban ruwa in ba ranar Juma'a ba, har ya auri Sarauniya Daurama. Kakanninmu da baki suka riƙe wannan labari. Mu kuwa da hoto muke riƙe namu, don haka ya kamata mu waiwayi yadda abin ya faro.

A zamanin Sarki Abdurrahman, wanda ya rasu a 1966, hoto sai manya da baƙin Turawa. A zamanin marigayi Sarki Muhammadu Bashar, daga 1966 zuwa 2007, masu hoto suka yawaita. Ranar Sallar Gani ko Hawan Magajiya za ka ga mai hoto rataye da kyamara, abokai sun jeru a bakin Kusugu ko a ƙofar fada, kowa na gyara hula. Sai an yi kwanaki kafin a wanke fim. Hoto guda ya zagaye gida hannu da hannu, sannan a ba direba ya kai wa ɗan'uwa a Kano ko Kaduna. Saboda tsadarsa, akan rubuta sunaye da kwanan wata a bayansa, a adana a ƙasan akwati.

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kuma ba a jima ba masu kyamara suka biyo baya. Waɗanda suka yi samartaka a lokacin ba za su manta da bulutut ba. Bayan an sauko daga hawa sai a taru a majalisa, a haɗa kai, wannan ya tura wa wancan, domin in an yi nisa da juna hoton ba ya tafiya. Wato dole a zauna tare, ana tura hoto ana gardamar wane doki ya fi ado. A ganinmu wannan ne lokaci mafi armashi. Da WhatsApp ya bayyana a 2009, ya kuma yaɗu daga baya, sai buƙatar zaman ta ragu. Yanzu kafin mahayi ya sauka daga doki, hotonsa ya isa Jidda.

Ba mu raina wannan ni'ima ba. Da yawa daga cikinmu mazauna birane ta waya muka ga jana'izar tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, a Daura ranar 15 ga Yulin 2025. Amma akwai abin dubawa. Hoton takarda na shekara 50 yana nan da sunayen mutanensa, alhali na bara ya bi wayar da ta ɓata ko ta lalace. Wanda ya tsira kuma babu suna, babu shekara, kuma dattawan da za su iya cewa wane ne wannan suna ta raguwa.

Shawararmu ga rassan ƙungiya ita ce kowane reshe ya naɗa mutum guda da zai tattara hotunan Gani da na hawan Sallah, tsofaffi da sababbi, a zauna da dattawa a rubuta sunaye da shekaru, a wanke zaɓaɓɓu a takarda, a miƙa wa sakatariya kafin Gani mai zuwa.