Yaron Da Ba Ya Kallon Alƙali A Ido

Yau kotu za mu shiga, amma ta ƙofar tarihi.

A Kaduna, in aure ya mutu aka zo rigimar riƙon yara, yawanci kotun shari'a ake nufa, irin ta Magajin Gari. To idan yaron yana da otizim fa, wato abin da wasu ke kira galahanga? Ko uwar ce ke da shi, ana mata tambaya tana kallon ƙasa, ta maimaita kalma ɗaya sau uku? Mai kallo sai ya ce rashin gaskiya ne, ko taɓin hankali.

Wannan kallon yana da asali. Sai a 1943 likita Leo Kanner ya bayyana otizim a Amurka. Kafin nan Turawa sun kafa mana dokar mahaukata a 1916, aka sabunta ta a 1958, kuma aikinta tsarewa ne kawai. Ita ta zauna har Janairun 2023, lokacin da Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ku tuna gidan Rigasa na 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300, wasu da mari a ƙafa. Iyaye ne da kansu suka kai da yawansu.

Wani abin sha'awa, fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu ke aiki da shi ya daɗe da tanadi: ciyarwar uba ga ɗansa namiji tana ƙarewa da balaga, amma in ya balaga da lalurar da ta hana shi nema, ba ta faɗuwa. Iyaye mata da yawa ba su san da wannan ba, sai a bar su da ɗawainiya su kaɗai.

Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta kawo kotun iyali, Kaduna ta yi tata a 2018. Dokar shaida ta 2011 kuma ta yarda wanda ba ya iya magana ya ba da shaida da rubutu ko ishara.

Inda aka bar mu a baya shi ne zaman kotun kansa. A Ingila, tun 2017 wajibi ne alƙalin iyali ya duba ko mutum na buƙatar mai shiga tsakani, wanda zai gutsura masa tambaya, ya nemar masa hutu in hayaniya ta yi yawa. A nan, galibi yaya ko kawu ne ke wannan aikin, in alƙali ya ba shi dama.