Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato: Irin da Aka Shuka a Zamanin Shagari

Duk wanda ya tashi daga birnin Sakkwato ya kama hanyar Jega, sai ya ratsa ƙasar Boɗinga, inda Sifawa take, garin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Gaba kaɗan sai ga garin Shagari. A yau matafiyi ba ya rasa ganin farantan sola a wannan hanya, wasu a kan rufin masallaci, wasu a rumfar mai cajin waya, wasu kuma suna ɗaga ruwa daga rijiyar burtsatse. Yaran yanzu suna zaton 'yan kasuwa ne suka kawo mana wannan fasaha jiya-jiya. Amma fiye da shekara arba'in ke nan da aka kafa wata cibiya a Sakkwato domin nazarin hasken rana, kuma hannun ɗan wannan yanki ne ya kafa ta.

Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, an haife shi a garin Shagari a 1925. Kafin siyasa malamin makaranta ne, kuma kimiyya ya koyar a Midil ta Sakkwato. Ya hau mulkin Najeriya ranar 1 ga Oktoba, 1979, lokacin da duniya ba ta gama farfaɗowa daga rikicin man fetur na 1973 ba, har manyan ƙasashe sun fara neman abin da zai maye gurbinsa. Mu nan arewa damuwarmu ta fi haka kusa: farin da ya dake mu a farkon shekarun 1970 ya kashe dabbobi, hamada tana matsowa, mata kuma suna ƙara nisa wajen neman itacen girki. Mutumin da ya tashi a wannan ƙasa, ya kuma riƙe alli a ajin kimiyya, ba sai an yi masa dogon bayani a kan darajar rana ba.

A 1982 gwamnatinsa ta kafa Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Sakkwato, wadda aka buɗe a 1975 ƙarƙashin shugabanta na farko, Farfesa Shehu Galadanci, aka kuma sauya mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Tana da 'yar'uwa a Jami'ar Nsukka mai irin aikinta, yayin da aka bar wa cibiyoyin Zariya da Ife binciken nukiliya. Abin lura shi ne, a 1982 ɗin ne farashin mai ya faɗi har gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, amma duk da haka ba a fasa ba. Daga baya, da Hukumar Makamashi ta Najeriya ta fara aiki a 1989, bisa dokar da aka yi mata tun 1979, sai cibiyar ta koma ƙarƙashin kulawarta.

Idan ana zancen zamanin da cibiyar ta yi tashe, sunan da ke fara zuwa baki shi ne Farfesa Abubakar Sani Sambo, injiniya ɗan Zariya, wanda ya shugabance ta daga 1989 zuwa 1994. Shi da abokan aikinsa sun ɗauki tafarki mai kyau: duk abin da za a ƙera, a ƙera shi da kayan da maƙerin gari zai iya samu, domin buƙatar da mutanen gari suke da ita. Aka fito da tukunyar girki mai aiki da zafin rana, da na'urar dafa ruwan wanka, da ta tace ruwa, da rumbun busar da amfanin gona wanda ke kare tumatir da tattasai daga ƙura da ƙuda. Aka inganta murhu domin ya rage cin itace. Aka gina ramukan da ke mayar da kashin shanu iskar gas ta girki, ragowar kuma ta zama taki. Har kilishi an yi masa na'urar busarwa.

Daga wancan lokaci zuwa shekarun da suka biyo baya, aikin ya fita daga harabar jami'a ya shiga ƙauyuka. A Kwalkwalawa, maƙwabciyar jami'ar, an kafa farantan sola masu ƙarfin kilowat 7.2 domin haska gari. A Sayya Gidan Gada an kafa injin iska mai kilowat 5. Ɗanjawa ta ƙaramar hukumar Wamakko ta zama ƙauyen gwaji, inda aka haɗa rana da iska da gas na kashin dabbobi wuri guda. A ma'aunin yau waɗannan lambobi ƙanana ne. A lokacinsu kuwa, sa'ad da faranti ɗaya ya fi ƙarfin aljihun ma'aikaci, su ne suka nuna wa Najeriya cewa ƙauye zai iya samun fitila ba tare da an ja masa waya daga Kainji ba.

Gaskiya ne an shiga shekarun da kuɗin bincike ya yi ƙaranci, wasu ayyukan ƙauye suka tsaya saboda batiri ya mutu ba a sami na sauyi ba. Amma wanda zai yi adalci ya dubi dokar wancan zamani. Tun 1972 hukumar wuta ta ƙasa, NEPA, ce ke riƙe da kusan duk ikon samar da wuta ta sayar. Babu hanyar da ɗan kasuwa zai ɗauki abin da aka gwada a Kwalkwalawa ya faɗaɗa shi, ya karɓi kuɗin wuta, ya ware na gyara. Ilimi ya riga doka isowa, dole ya zauna jiranta.

Jiran ya fara ƙarewa a 2005, lokacin da Shugaba Obasanjo ya sa hannu a dokar gyaran harkar lantarki, wadda ta warware NEPA, ta haifi hukumar NERC mai ba da lasisi da tsara farashi, da kuma hukumar kai wuta karkara. A shekarar ce Farfesa Sambo ya zama shugaban Hukumar Makamashi ta Najeriya, kuma a hannunsa aka fito da babban tsarin ƙasa na makamashi mai sabuntawa. Ke nan abin da aka koya a ƙauyukan Sakkwato ya shiga takardun Abuja. A 2010 aka kafa kamfanin NBET domin ya riƙa sayen wuta a sari daga masu samarwa, ya sayar wa kamfanonin rarrabawa.

A nan ne zancen yarjejeniyar sayen wuta ya shigo, kuma ya kamata mai karatu ya fahimce ta. Tashar sola ba ta shan mai. Kusan duk kuɗinta a ranar gini ake kashe su, yawanci kuma bashin banki ne. Banki ba zai ba da ko kwabo ba sai ya ga takardar da ta ce wane zai sayi wutar, a kan nawa, na tsawon shekara nawa, galibi ashirin. Takardar ce ke faɗin wanda zai ɗauki asara idan babban layi ya faɗi alhali tasha tana da wuta, da yadda za a yi idan naira ta karye, da wanda zai tsaya wa mai saye idan ya kasa biya. A watan Yulin 2016 NBET ta sa hannu a irin wannan yarjejeniya da kamfanoni 14, domin tashoshin sola masu jimillar megawat 1,125, a kan santi 11.5 na dalar Amurka kowane kilowat a awa. Yawancinsu a arewa aka nufi gina su, har da mai megawat 75 a Kankiya ta jihar Katsina. Sai aka sami saɓani a kan farashi da kuma lamunin gwamnati, aikin ya tsaya. A tsallaken iyaka kuwa, Nijar ta buɗe tashar Malbaza mai megawat 7 a 2018, a nan gida kuma Kano ta sami tashar Kumbotso mai megawat 10 a 2023.

Yanzu ƙofa ta ƙara buɗewa. Ƙa'idar ƙananan tashoshi ta NERC ta ba kamfani damar haska gari guda ta hanyar yarjejeniya da mutanen garin. A 2023 an gyara tsarin mulki, aka kuma yi sabuwar dokar lantarki, wadda ta ba kowace jiha ikon kafa tata hukumar da tsara kasuwar wutarta. Ma'ana, gobe za a iya zama a fadar hakimi a Boɗinga ko a Shagari, a shimfiɗa takardar shekara ashirin a ce jama'a su amince.

To, wa zai karanta mana ita? Farashin da ke cikin yarjejeniya ya dogara ne ga yawan hasken da wuri ke samu, da yadda ƙurar hunturu ke rufe faranti, da yadda zafin bazara ke rage ƙarfinsa ya gajarta ran batiri. Waɗannan su ne abubuwan da malaman cibiyar suka shafe shekaru suna aunawa a ƙarƙashin wannan rana tamu. Su za su iya gwada kayan da aka shigo da su a bambance mai kyau da jabu, su horar da matasan da za su yi gyara, su kuma gaya wa gwamnati ko lissafin kamfani ya yi daidai.

Don haka ina kira ga gwamnatin jihar Sakkwato da 'yan majalisarta: kada a rubuta dokar wuta ta jiha, kada kuma a sa hannu a wata yarjejeniya, ba tare da cibiyar tana zaune a teburin ba. Shugabannin ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari su tura yaransu can su koyi aikin. Shehu Shagari ya rasu ranar 28 ga Disamba, 2018, yana kwance a mahaifarsa, Allah ya jiƙansa da rahama. Shi ya yi shukar. Ban ruwa ya rage namu.