Jami'ar Abdou Moumouni da Ramukan Arlit

A shekarar 1971 ne kamfanin Somaïr ya fara fitar da yuraniyom daga Arlit, a wannan shekarar kuma aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1973. Masanin lissafi Boubakar Ba ne ya fara riƙe ragamarta. Ba da jimawa ba farashin yuraniyom ya yi tashin gwauron zabi, Cominak ta fara haƙa a Akouta a 1978, baitulmali ya cika, ƙasa ta samu sukunin gine-gine da ɗaukar nauyin ɗalibai.

Cikin wannan yalwa, a 1979, shugabancin jami'ar ya koma hannun Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa, haifaffen 1929. Abin sha'awa, a ƙasar da kowa ya zuba ido kan arzikin ƙarƙashin ƙasa, shi sama ya ɗaga kai. Rana ya sa a gaba. Tun 1969 yake jagorantar hukumar ONERSOL, inda ake ƙera murhun girki da tukunyar ɗumama ruwa masu aiki da zafin rana, lokacin da wasu ke ganin abin wasan yara ne. Allah ya jiƙansa, ya rasu a 1991, shekara guda bayan haka aka raɗa wa jami'ar sunansa. Ba kimiyya kaɗai ba, a fannin tarihi ma Boubé Gado na cibiyar IRSH ta jami'ar ya tono kayan tarihi na Bura a 1983, har duniya ta waiwayo.

Da farashin yuraniyom ya faɗi, an sha wuya: yajin aiki, jinkirin alawus, da ranar baƙin ciki ta 9 ga Fabrairun 1990 da aka harbi ɗalibai a gadar Kennedy. Talaucin ƙasa ne ya shafi makaranta, ba gazawar malamai ba.

Yau Agadez na da jami'arta tun 2014, amma har gobe uwa tana Yamai, can ne kuma cibiyar IRI mai nazarin sinadarai masu tururin nukiliya take tun 1984. An rufe Cominak a 2021, ta bar tarin sharar ma'adini kimanin tan miliyan 20 a gefen garin Akokan. A 2025 gwamnati ta karɓe Somaïr. To, wa zai auna ruwan rijiyoyin Arlit da ƙurar da yaran Akokan ke shaƙa? Masanan suna nan a gida. Na'urori da kuɗin bincike suke jira daga gwamnati.